Lambar da ke ƙarƙashin fenti ake saya a tsohuwar motar Amurka

A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Seattle na Amurka, an sayar da mota ƙirar Plymouth Hemi Cuda ta shekarar 1971, mai buɗaɗɗen sama, a kan dala miliyan 3.5. Guda 11 kacal aka ƙera irinta a waccan shekarar, kuma wannan tana ɗauke da injin da ta fito da shi daga masana'anta. Barracuda ta gama-gari, mai ƙaramin inji, kusan jiki ɗaya suke da ita. Idan gwanin gyara ya zauna a kanta, ya sa mata babban inji, ya yi mata fenti, ya liƙa tambari, sai ƙwararre ne zai iya bambance su, alhali kuɗinsu ko kusa ba su haɗu ba.

A wannan tazarar 'yan damfara suke cin abinci. Duk mai niyyar sayen irin waɗannan motoci da Amurkawa ke kira muscle car, wato masu matsakaicin jiki da ƙaton inji mai silinda takwas da aka yi yayinsu daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, ya kamata ya san cewa tarihin motar yake biya wa kuɗi. Tarihin nan kuwa ba a ganinsa a hoto, kuma ba a karɓarsa daga bakin dillali.

Samun ta asali yana da wuya ne saboda yadda aka yi amfani da su. Matasa ne suka fi sayen su, suka yi ta tsere da su har injuna da yawa suka fashe. Da kuɗin inshora ya tashi, dokar hayaƙi ta tsananta, sannan tsadar mai ta 1973 ta zo, sai suka zama kayan arha da ba wanda ke damuwa da adana takardunsu. Da darajarsu ta dawo bayan shekaru, masu nema suka fi motocin yawa. Har akwai zolayar da masu tara su ke yi, cewa wasu samfuran sun fi yawa a kan titi yanzu fiye da adadin da kamfanin ya ƙera.

Wanda ya saba sayen tokumbo daga Amurka zai ce ai sai a sa lambar shasi a intanet a ga rahoto. Wannan dabarar ba ta aiki a nan. Lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17 a 1981 aka daidaita ta, kuma rahoton Carfax daga nan ya fara. Motocin da ake magana a kai lambarsu ta fi gajarta, kowane kamfani da tsarinsa.

Kamfanin Chrysler, mai Dodge da Plymouth, shi ya fi sauƙaƙa wa mai bincike. A motocinsa na 1970, harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin da aka sa: R na nufin Hemi 426, G kuma ƙaramin 318. Akwai ɗan farantin ƙarfe a cikin ɗakin inji mai ɗauke da lambobin launi da kayan ƙari, sannan an buga wani ɓangare na lambar a jikin bodi, kusa da radiyeta da kuma ƙasan gilashin gaba. Idan waɗannan suka saɓa wa juna, magana ta ƙare. Masu Ford suna da rahoton Marti, wanda ake cirowa daga bayanan kamfanin na 1967 zuwa sama. Masu Pontiac kuma suna samun kwafin takardar cinikin masana'anta daga Pontiac Historic Services, abin da ke da muhimmanci ga GTO ta 1964 da 1965, domin a lokacin ƙarin kaya ce a kan LeMans, ba ta samu lambarta mai farawa da 242 ba sai a 1966.

Matsalar ta fi tsanani a Chevrolet. Chevelle SS ta 1970 mai injin LS6 454, wadda aka rubuta mata ƙarfin doki 450, tana cikin waɗanda aka fi nema, kuma 4,475 aka yi da wannan injin, har da El Camino. Amma lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce ko Malibu ta gama-gari mai silinda takwas, duka da 13637 suke farawa idan masu ƙofa biyu da rufin ƙarfe ne. Kamfanin kuma ba shi da kundin da zai tabbatar wa mai saye, sai fa idan a Kanada aka haɗa motar ko aka sayar da ita, inda reshen GM ya adana bayanansa. Don haka hujjar ta koma kan takardar haɗi da ma'aikata kan bari a cikin kujera, ƙarƙashin kafet ko saman tankin mai, da ɗan katin ƙarfe na garanti mai suna Protect-O-Plate. Su ma waɗannan ana buga na jabu, a tsufar da su su yi kamar sun shekara hamsin a ɓoye.

Sai inji. Daga 1968 kamfanoni suna buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da giyabos, shi ne abin da dillalai ke nufi idan suka ce lambobi sun dace. Sai dai ana iya goge wurin a sake bugawa. Masu ido suna duba siraran layukan da injin sassaƙa na masana'anta ya bari a kan ƙarfen, masu tafiya daga gaba zuwa baya. Idan an sake goge wurin, sau da yawa layukan kan ɓace ko su zama masu lanƙwasa. Suna duba siffar alƙaluman, sannan su duba ranar da aka zuba ƙarfen injin, wadda dole ta riga ranar haɗa motar. Injin da aka zuba bayan mota ta bar masana'anta ba zai zama nata na fari ba, komai kyan lambar da ke jikinsa.

A nan akwai buƙatar adalci. Ba kowace mota mai wani inji ba ce ta ɗan damfara. Da yawa an canza musu inji a ƙarƙashin garanti tun suna sababbi, kuma a Chevrolet irin waɗannan injuna suna ɗauke da haruffan CE. Haka ma wanda ya ɗauki Malibu ya mayar da ita kamar SS, ya kuma faɗa da bakinsa, bai yi laifin komai ba. Irin wannan motar tana da kasuwarta, ma fi daɗin tuƙawa ce tun da mai ita ba ya fargabar taɓa ta. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɓoye, aka nemi kuɗin ta asali.

Abin da ya fi haɗari shi ne a ciro farantin lamba daga motar da tsatsa ta cinye a liƙa wa wani bodi mai lafiya. Masu yin haka kan ce gyara ne, tun da dama kusan kowane ɓangare na bodi ana iya sauya shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. A dokar tarayyar Amurka, sauya ko cire lambar shasi da gangan laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar, kuma wanda ya saya cikin rashin sani yana iya wayar gari an ƙwace motar. Ƙusoshin da ke riƙe da farantin, da alamar walda a kewayensa, sun cancanci a haska musu tocila a daɗe ana kallo.

Gidajen gwanjo ma suna da nasu alhakin. Galibi bayanin da suke wallafawa daga mai sayarwa yake fitowa, kuma sharuɗɗansu kan ɗora nauyin bincike a kan mai saye. Gidan da ke karɓar kamisho daga ɓangarorin biyu bai kamata ya tsaya a nan ba, musamman a motar da ake kiran dubban ɗaruruwan daloli a kanta. Kafin hakan ta gyaru, mai saye ya ɗauko ƙwararren da ya san wannan samfurin takamaimai, wanda ba shi da alaƙa da dillali, ya ɗaga motar sama ya karanta kowace lamba kafin a tura ko sisi. Ya kuma nemi a rubuta a takardar ciniki cewa inji da giyabos da bodi na asali ne, tare da sharaɗin mayar da kuɗi idan aka gano akasin haka. Mai sayarwar da ya ƙi a ɗaga motarsa, ko ya ƙi sa hannu a kan abin da ya faɗa da baki, a biya shi kuɗin Malibu ko a bar masa kayarsa.