FILIN 'YAN MATA: WAI MUGUNTA GADO CE?

  

Wata ƙanwata ce ta aiko mini da wasiƙar da ta hana ni barci. Ta ce, "Anti, mahaifina yana gidan yari tun ina firamare, kisan kai ya yi. Duk saurayin da ya fito, da zarar danginsa sun yi bincike sai ya ɗauke ƙafa, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ga ni da son karanta littattafan Turanci na masu kisan ɗauki ɗai-ɗai, har na fara tsoron kaina. Anti, don Allah abin a jini yake?"

Haba ƙanwata, share hawayenki. Ni ma ma'abociyar irin waɗannan littattafai ce, kuma abin da na lura da shi shi ne, marubutansu ba su cika ɗora laifin a kan jini ba. Komawa suke yi da mai karatu can cikin gidan da mutum ya tashi, su nuna masa abin da ya faru aka rufe, aka ƙi magana a kai.

Ki duba littafin My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, wanda ya fito a 2018, kuma a Legas labarin ya faru. Korede nas ce a asibiti, ƙanwarta Ayoola kuwa kyakkyawa ce ta bugawa a jarida, amma sai da ta hallaka samarinta har uku. Duk lokacin da ta yi aika-aikar sai ta kira yayarta ta zo ta goge jini, su ɓatar da gawa. Wuƙar da take amfani da ita ta mahaifinsu ce, mutumin da ya gana musu azaba suna yara alhali a waje ana ganin girmansa. To uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma ɗaya ta zama mai kisa, ɗaya mai jinyar marasa lafiya. Abin da suka gada tare shi ne rufa-rufa. Korede ta rasa wanda za ta faɗa wa damuwarta, sai wani majinyaci da ke cikin doguwar suma, ashe yana jin ta, ya farfaɗo yana tune da maganarta. Kin ga ciwon da aka danne sai ya nemi hanyar fita.

Kada ki ce ai wannan ƙagaggen labari ne, ga na gaske. A jihar Kansas ta Amurka an yi wani Dennis Rader da ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa biyu, har shugabancin kwamitin cocinsu ya riƙe. Sai a 2005 asirinsa ya tonu. Abin tausayi, da ƙwayoyin halittar 'yarsa Kerri Rawson 'yan sanda suka gwada suka tabbatar shi ne. Wato jininsa na jikinta, babu tantama. Amma baiwar Allah nan ba ta bi sawunsa ba. Ta sha fama da firgici, ta nemi taimakon likitocin ƙwaƙwalwa, ta yi renon 'ya'yanta, a 2019 kuma ta fitar da littafi kan abin da ya same ta.

Mu ma ai mun sani tun a islamiyya. Mahaifin Annabi Ibrahim gumaka yake bauta wa, ɗan Annabi Nuhu kuwa ƙin shiga jirgi ya yi. Da hali gado ne, da ba a yi haka ba.

Don haka shawarata gare ki guda uku ce. Na farko, kada ki ɓoye wa mai neman aurenki gaskiya, gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin 'yan tsegumi. Wanda ya gudu, dama can ba naki ba ne. Na biyu, ki samu babba mai riƙon amana, mama ko goggo ko malamarki, ki zazzage mata abin da ke cin ranki. In tunanin ya kai ga hana ki barci da abinci, ki je asibiti, ba abin kunya ba ne. Na uku, ki ɗan jingine littattafan nan har zuciyarki ta kwanta, musamman da daddare.

Ku kuma iyayenmu masu binciken aure, bincike hakkinku ne, amma don Allah ku binciki halin yarinya ita kanta. Laifin wani ba ya hawa kan wani, kuma wannan yarinya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ƙanwata, ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, Antinku.