Dariya Maganin Boka: Darasin Fim ɗin The Raven Ga Ƙasar Kabi

A shekarar 1963 Roger Corman ya shirya fim ɗin The Raven a Amurka. Ya ɗauko sunansa daga waƙar baƙin ciki da Edgar Allan Poe ya wallafa a 1845, amma marubucin labarin, Richard Matheson, ya mayar da shi abin raha. Matsafa uku ne a ciki. Scarabus (Boris Karloff) ya rikiɗa Bedlo (Peter Lorre) zuwa hankaka, shi kuwa ya garzaya wurin Craven (Vincent Price) domin a maido masa da siffarsa. A ƙarshe Scarabus da Craven suka zauna bisa kujeru suna jifan juna da siddabaru, har gidan ya kama da wuta.

Armashin fim ɗin yana ga yadda ya tuɓe wa matsafi rigar kwarjini. Bedlo mashayi ne mai cika baki, Scarabus kuwa hassada ce ke cin sa, domin asirin abokin gabarsa yake kwaɗayi. Mai kallo yakan tashi yana yi musu kallon mutane masu rauni irin na kowa.

Finafinan Hausa da dama sun bi wata hanya dabam. Bokansu yana zaune cikin kogo, ga jan ƙyalle, ga ƙwarya, ga tsawa, kuma aikinsa yakan ci har sai dab da ƙarshe, sannan a kawo wa'azi. Manufar mai kyau ce, sai dai wanda ya shafe sa'a guda yana ganin asiri na aiki ba zai manta ba saboda nasihar minti biyar. Irin wannan hoto talla ce ga 'yan damfara masu cinye kuɗin marar lafiya da na matar da kishi ya rufe wa ido.

Wasu na ganin sihiri ya fi ƙarfin wasa, tunda addini ya yi hani da shi. Haka ne, amma yi wa maƙaryaci dariya tozarta shi ne. Abubakar Imam ya nuna haka tun 1934 a Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta gwada wa juna wayo, mai karatu na dariya yana gane dabarun mayaudara.

Ƙasar Kabi tana da kayan aikin a hannu. Sarkanci cike yake da labaran baka na masunta masu gasar asiri, wannan ya ɗaure ruwa, wancan ya kwance. Ga Matan Fada a Argungu, ga kufan Surame na zamanin Kanta, wuraren da suka ishi kowane fim kwarjini. Sharaɗi guda shi ne a bambance mayaudari da ma'abocin gado. Ilimin Sarkin Ruwa game da kogi da kifi da kada wani ɓangare ne na bikin da UNESCO ta sanya cikin gadon duniya a 2016, bai cancanci izgili ba.

Saboda haka, ya kamata ɗaliban Hausa na Birnin Kebbi da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu su tattara waɗannan labarai daga bakin dattawan masunta tun suna raye, su miƙa wa marubutan fim. Bokan da aka saba yi wa dariya a majigi zai sha wuyar samun mai kai masa baƙin bunsuru.