Tagar Leƙen Kuskure a Shafin Intanet

Shafin intanet kamar gida yake. Akwai zaure, wato burauzar da mai karatu yake kallo, akwai kuma cikin gida, wato babbar kwamfutar da ake kira uwar garke, inda ake ainihin aikin. In manhaja ta yi tuntuɓe a can ciki, sau da yawa ba abin da ke fitowa zaure sai farin shafi fayau, ko lamba 500 wadda ba ta faɗin dalili.

A da, mai shirya manhaja yakan bi dogon fayil na rahoto layi-layi, ko ya cusa bayanan gwaji cikin shafin har ya ɓata shi. Sauƙi ya samu bayan da Joe Hewitt ya fito da Firebug a 2006 domin burauzar Firefox. A kansa aka ɗora FirePHP, sannan Chrome Logger ya zo wa masu amfani da Chrome. Dabarar ita ce uwar garke ta liƙa rahotonta a goshin saƙon HTTP, a bar jikin shafi yadda yake, burauza kuma ta nuna shi a wata taga ta gefe. Nan take sai mutum ya ga tambayar da aka aika wa rumbun bayanai da inda ta karkace. Gani ya kori ji.

To, sai dai tagar nan ba ta da makulli. Chrome Logger yana naɗe rahoto da tsarin base64, wanda kowane ɗalibi zai iya warwarewa. In aka manta ba a kashe ta ba, duk baƙon da ya buɗe shafin zai iya karɓar sunayen fayiloli, da tsarin rumbun bayanai, wani lokaci har da kalmomin sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ya wajaba malamai su koyar da ladabin tagar tare da amfaninta: a buɗe ta a kwamfutar gwaji kaɗai, a rufe ta kafin a saki shafi ga jama'a. Rahoton dindindin kuwa ya zauna a fayil na uwar garke, domin shi ne ke rubuta kuskuren tsakar dare, sa'ad da ba mai kallon burauza. Firebug kansa ya kau a 2017 da fitowar Firefox 57, amma wannan ƙa'ida tana nan daram. Ɗalibin da ya riƙe ta ba zai tona asirin masu amfani da shafinsa ba, ko da wane kayan aiki ya zo hannunsa.