Gitar miliyan: ɗokin sati guda, hukuncin shekara guda

Tun daga Agadas har Yamai, daga Tawa zuwa Damagaram, da wuya a yi babban biki yanzu ba a ji kukan gitar lantarki ba. Abin da a da ake gani kamar wasan samari ya zama sana'a mai ciyar da iyali, kuma kowace sana'a tana da kayan aikin da masu ita ke mafarki. Mafarkin makaɗin gita bai wuce sunaye biyu ko uku ba: Fender, Gibson, wani lokaci PRS, kuma ƙirar Amurka ta asali. Kaɗan ne ke cimma wanga buri, ta hanyar yawon wasa a Turai, ko saƙon ɗan uwa da ke waje, ko bashin wani attajiri. Ranar da akwatin ya iso, unguwa duka sai ta sani. Abin da masu sabuwar gita ke faɗi a kwanakin farko ya cancanci a saurare shi, amma ya kamata a san nauyin da za a ba shi, tun da sau da yawa kuɗɗin ɗan kasuwa ko albashin ma'aikaci ne ke cikin akwatin.

Da farko a san abin da ake magana a kai. Leo Fender, mai gyaran rediyo a jihar Kaliforniya, shi ya hiddo Telecaster a farkon shekarun 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson kuwa ya hito da Les Paul a 1952. Har yau waɗanga ƙirori ukku su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Gangar jikinsu itace ne dunƙulalle, babu rami ciki, saboda haka in ba a jona su da ampili ba, muryarsu ba ta wuce ɗaki. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da makaɗa ke kira mikro, wato maganaɗisu da anka naɗe da siririyar wayar jan ƙarhe sau dubbai. In tsirkiya ta kaɗa, sai ta haihi ƴar wuta ƙanƙanuwa cikin wayar, ampili ya ɗauke ta ya girmama ta har ta cika hili.

Sai maganar kuɗɗi. Gitar da anka saya euro 2,000 a Turai, a kan canjin sefa 655.957 ga euro guda, ta haura miliyan 1 da jika 300, tun ba a sa kuɗɗin jirgi da na duwan ba. Mahi ƙanƙantar albashi a Nijar, wanda anka ɗaga zuwa sefa 42,000 a farkon 2024, sai an tara shi hiye da wata 31 kamin ya biya ta. Wannan kuwa ba ita ce ƙololuwa ba, akwai waɗanda ke ninka ta sau biyu ko ukku.

Yabon da ke hitowa daga bakin masu saye kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Abu na farko da suke ambata shi ne wuyan gitar: santsinsa, da yadda tsirkiyoyi ke kwance kusa da itace, har yatsa ba ya wahala wajen danna su. Wanda ya share shekaru yana kokawa da gitar araha mai tsirkiya a sama, har yatsunsa sunka yi kanta, shi ya san darajar wanga sauƙi. Na biyu, saiti ba ya gudu. Makaɗi na iya yin waƙa biyar ko shidda bai tsaya murɗa kunnuwan gita ba, alhali tsohuwar kowace waƙa sai an lallashe ta. Na ukku, sauti yana daɗewa kamin ya mutu, kuma in an kaɗa tsirkiya shidda tare, kowace ana jin muryarta dabam. Masu Stratocaster suna yabon muryarta mai kaihi da tsabta, wadda ta dace da kiɗan Abzinawa mai saurin yatsu. Masu Les Paul suna yabon kaurin murya da nauyinta a kunne.

Amma wanda ya zuba miliyan a abu ba ya saurin kushe shi. Rabin yabon satin farko shaida ce, rabi kuwa kare kai ne daga dariyar abokai da tambayar iyali. Ana gane haka in an sake zama da mutanen nan bayan wata ukku ko huɗu, lokacin da ɗoki ya kwanta. A nan ne ƙorahi ke fara hitowa.

Na farko nauyi ne. Stratocaster takan kai kilo 3 da rabi, Les Paul kuwa takan haura kilo 4. A cikin kanti wannan bambanci ba kome ba ne, amma ga wanda zai tsaya da ita a kafaɗa tun bayan isha'i har tsakar dare, kwana ukku a jere, rabin kilo yana da magana. Na biyu ƙugi ne. Mikro mai naɗi guda, irin na Stratocaster, yana kwasar hayaniyar wuta daga hitilu da injin wuta, balle a gidajen da ba a ja wayar ƙasa ba. Mai gita sai ya ɗauka an cuce shi, alhali halin ƙirar ne tun asali, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganin wanga ƙugi ne ya sa Gibson ta fara sa mikro mai naɗi biyu, aikin Seth Lover, a kan Les Paul a 1957.

Ƙorahi na ukku ya hi ciwo. Mutum ya kawo gitar miliyan, ya jona ta da tsohon ampili mai fasasshen lasifika da waya mai kwance baki, sai ya ji kusan abin da ya saba ji. Masu rawa kuwa ba su lura an canza kome ba. Gita rabin murya ce kawai, sauran rabin yana ga ampili, kuma wanda ya ƙarar da jarinsa duka a kan rabin farko ya sayi doki ba sirdi. Akwai ma waɗanda sunka yo ampili daga Amurka, inda wuta take volt 120, sunka soka shi ga wutar nan mai volt 220 ba tare da na'urar rage ƙarhi ba. Hayaƙi guda ya isa.

Na huɗu kuwa abin dariya ne mai ban tausai. Saboda tsoron ƙura, da tsoron ƙarzuwa, da tsoron ɓarawo, da yawa suna barin sabuwar a ƙarƙashin gado, su ɗauki tsohuwar zuwa biki. Kayan aikin da ba ya zuwa wurin aiki ba ya biyan bashin da anka ci dominsa.

Babban alƙali dai shi ne yanayin ƙasa. Masu ƙera gita suna son a aje ta inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan kuwa, daga hunturu zuwa farkon bazara, laima takan sauka ƙasa da kashi 20, sannan damina ta zo ta mayar da ita sama. Itace yana shan iska yana tsukewa, ƙarhe kuwa ba ruwansa. Shi ya sa a watan Fabrairu ko Maris mai gita kan ji bakin ƴan ƙarahunan da ke jere a wuya sun hito suna yankar tahin hannu. Tsirkiyoyi shidda suna jan wuyan da ƙarhin da ya kai kimanin kilo 45, dare da rana. In itace ya motsa, wuya ya lanƙwashe ko ya miƙe hiye da kima, tsirkiya ta fara gogar ƙarhe tana zizar banza. A cikin wuyan akwai sandar ƙarhe da ake murɗawa a daidaita shi, amma murɗin jahilci yana iya lalata gitar baki ɗaya, kuma masu sanin wanga aiki ba su da yawa a garuruwanmu na kudu. Fentin da Gibson ke amfani da shi ma ba ya son zahin mota da anka ruhe a ranar Afrilu. Ƙura tana shiga maɓallan ƙara murya su riƙa ƙarar-ƙarar, zuhwa tana cin tsirkiya. Gitar da ta ƙetare hunturu guda da damina guda tana nan daram, ita ce mai ita zai iya ba da shaida a kanta.

Ga ƴan kasuwa akwai wani gargaɗi dabam, wato jabu. A watan Nuwamba na 2024 ma'aikatan duwan na Amurka sun ba da sanarwar kama gita hiye da 3,000 masu ɗauke da sunan Gibson na ƙarya a tashar jiragen ruwa ta Los Anjeles. In jabu na iya kutsawa ƙasar da ake ƙera ta asali, ba abin mamaki ba ne a same ta a Dubai ko Kwatano ko Legas. Suna a goshin gita ba hujja ba ne. A nemi lambar ƙira, da takardar kanti, da idon wanda ya taɓa riƙe ta gaske. Gibson da anka yi wa kuɗɗin keke, mai sayarwa ya san abin da yake sayarwa.

Tarihin makaɗan ƙasar nan ma yana da abin cewa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda yau duniya ta sani da farar Stratocaster ta bahago, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da itace da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ta wayoyin salula ya bazu cikin Sahel. Bombino na Agadas, wanda faifansa Deran ya kai shi takarar kyautar Grammy ta 2019, a zaman gudun hijira ya koyi kiɗa da abin da ya samu. Marigayi Malam Maman Barka da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna, Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya guda. Dukansu hannu ne ya riga kaya zuwa, kaya sunka biyo daga baya. Gita mai tsada tana sauƙaƙa wa gwani aiki, tana kuma tona asirin wanda bai iya ba, don ba ta ɓoye kuskure.

Saboda haka ma'aikacin da ɗansa ya matsa masa, ko attajirin da makaɗi ya zo neman rance wurinsa, yana da tambayoyin da zai yi kamin ya buɗe aljihu. Biki nawa ake samu a wata, kuma nawa ke saura bayan an raba wa ƴan ƙungiya? Wane ampili za a jona ta da shi? Wa zai gyara ta in wuya ya motsa? Ina za a samu tsirkiya ta canji? Kamfanin Fender kansa yana ƙera gita a Meziko, yana kuma da Squier da ake yi a Asiya, a kan kuɗɗin da bai kai rabin na Amurka ba. Irin wannan gita, in ta samu ampili mai lahiya, da waya mai kyau, da akwati mai ruhuwa, takan yi wa ƙungiya aikin da gitar miliyan ita kaɗai ba za ta yi ba. Ɗan kasuwa mai hangen nesa ma zai ga cewa riba ta hi yawa a tsirkiya da wayoyi da ƙananan kayan gyara, waɗanda ake buƙata kowane wata, bisa ga gita guda da za ta shekara a rataye cikin kanti tana shan ƙura.

Wanda kuma sana'arsa ta kai, hannunsa ya nuna, yana da biki a gaba da tahiya a waje, babu laihi ya saya, kuma zai ji daɗin abin da ya saya shekaru da dama. Sai dai mai neman shawara kada ya tsaya ga wanda ya buɗe akwati jiya. Ya nemi wanda ya saya bara, ya roƙe shi ya hiddo gitar, ya shafa gehen wuyanta da hannunsa, sannan ya tambaye shi ko ya gama biyan bashi.