A Daina Zagin Toma

Kowace shekara, a Lahadin da ke biye da bikin Ista, majami'u masu yawa a faɗin duniya sukan karanta sura ta 20 ta Bisharar Yahaya, inda aka ba da labarin Toma, almajirin da ya ƙi yarda cewa Yesu ya tashi daga matattu sai ya gani da idonsa. Kowace shekara kuma ba a rasa mai wa'azin da zai hau mumbari ya mai da bawan Allahn nan abin kwatance na raunin zuciya. Na girma ina jin sunansa tamkar zagi. Idan yaro ya cika tambaya a ajin Lahadi, sai malami ya harare shi ya ce kada ya zama Toma, sauran yara su bushe da dariya, tambayar kuma ta mutu a nan. Ra'ayina shi ne wannan al'ada zalunci ce ga Toma, karkatar da nassi ce, kuma ta fi kowane littafin masu musun addini korar masu tunani daga bangaskiya.

Mu fara da shi kansa Toma. Sunan nasa a harshen Aramiya yana nufin ɗan tagwaye, kuma sau uku Bisharar Yahaya ta kawo maganarsa. A sura ta 11, sa'ad da Yesu ya ƙudura komawa Yahudiya saboda mutuwar Li'azaru, almajirai suka tuna masa cewa can ne aka so a jefe shi ba da daɗewa ba. Toma ne ya zuga 'yan'uwansa su bi malaminsu ko da za a kashe su tare. A sura ta 14, Yesu yana maganar tafiyarsa, kowa ya yi shiru kamar ya gane, Toma kaɗai ya fito fili ya nuna bai san inda ake nufi ba. Wanda ya yi waɗannan abubuwa biyu jarumi ne mai ƙin riya, irin mutumin da ba ya gyaɗa kai a kan abin da bai fahimta ba.

To me ya nema a sura ta 20? Ya nemi ya ga tabon ƙusoshi a hannuwan Yesu, ya kuma taɓa kwiɓin da aka soka da mashi. Amma duk wanda ya karanta ayoyin da suka gabata zai ga cewa a daren Lahadin farko, lokacin da Toma ba ya nan, hannuwan nan da kwiɓin nan Yesu ya nuna wa sauran almajiran, sa'an nan suka yi farin ciki. Ashe Toma bai roƙi komai ba face abin da aka riga aka ba abokansa. Su sun gani, shi an ce ya ji. Hausawa kuwa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan: gani ya kori ji.

Sauran almajiran ma ba su tsira daga shakka ba. Luka ya ce da matan suka dawo daga kabari da labari, manzanni suka ɗauke shi tatsuniya. Ya ƙara da cewa ko da Yesu ya tsaya a tsakiyarsu sun zaci fatalwa ce, har sai da ya ci gasasshen kifi a gabansu. Matiyu, a sura ta ƙarshe, ya ce a kan dutse a Galili sun yi masa sujada, amma waɗansu sun yi shakka. Bisharar Markus kuwa, a tsofaffin rubuce-rubucen hannu guda biyu na ƙarni na huɗu, waɗanda ake ajiye ɗaya a Batikan, mafi yawan ɗayan kuma a Landan, ta ƙare ne da mata suna gudu daga kabari cikin tsoro, ba su faɗa wa kowa komai ba. Marubutan nan suna da damar share duk wannan su nuna shugabannin ikilisiya a matsayin gwarazan bangaskiya tun daga sa'a ta farko. Sun bar shi a rubuce. Mai wa'azin da ke jin kunyar shakka yana jin kunyar abin da littafinsa bai ji kunyarsa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa shakka ta dace a nan fiye da ko'ina. Kiristanci bai ce koyarwar Yesu ta rayu a zukatan mabiyansa ba, ko cewa ruhunsa ya sami hutu. Da'awarsa ita ce wani mutum da gwamnan Roma ya gicciye a Urushalima, aka tabbatar ya mutu, aka binne shi, ya tashi da jikinsa a rana ta uku. Mutanen ƙarni na farko sun san matattu ba sa tashi kamar yadda likitan yau ya sani, domin su da hannunsu suke wanke gawa su binne. Bulus ma bai sassauta ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 54 miladiyya, ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan wannan al'amari guda, ya nuna cewa in bai faru ba, wa'azinsu banza ne, su kuma maƙaryata ne. Wanda aka kawo masa magana mai wannan nauyi ya karɓa ba tare da gabansa ya faɗi ba, ina jin bai ji abin da aka ce ba.

Me mai tambaya zai tarar in an bar shi ya bincika? Zai tarar da 'yan abubuwan da kusan duk masana tarihin wancan zamani suka amince da su, masu bi da marasa bi. An kashe Yesu a zamanin Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Tasitus, marubucin tarihin Roma da ya raina Kirista, ya ambaci wannan kisa a farkon ƙarni na biyu. Zai tarar cewa a sura ta 15 ta waccan wasiƙa, Bulus ya kawo jerin waɗanda suka ce sun ga Yesu a raye: Bitrus, da sha biyun, da mutum fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu, da shi kansa. Ya kuma ce karɓa ya yi daga waɗanda suka riga shi, abin da ya sa masana da yawa suke mayar da asalin jerin zuwa 'yan shekaru kaɗan bayan gicciye. Har Gerd Lüdemann, masanin Jamus da ya musanta tashin Yesu, ya yarda jerin tsoho ne, ya kuma yarda cewa Bitrus da abokansa sun ga wani abu da suka ɗauka Yesu ne.

Zai tarar da Yakubu, ɗan'uwan Yesu. Bisharar Yahaya ta ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba yana raye, Markus ma ya ce danginsa sun taɓa zuwa su kama shi don suna zaton ya zautu. Amma ga Yakubun nan ya zama shugaban ikilisiyar Urushalima, kuma Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya rubuta yadda aka yanke masa hukuncin jifa a shekara ta 62. Zai tarar cewa Bisharu huɗu duka sun sa mata a matsayin waɗanda suka fara zuwa kabari, a al'ummar da shi Yosifus ɗin ya ce ba a karɓar shaidar mata. Kelsus, mai sukar Kiristanci a ƙarni na biyu, bai ɓata lokaci ba wajen yi wa Maryamu Magadaliya ba'a da cewa ruɗaɗɗiya ce. Mai ƙirƙirar labari don a gaskata shi ba ya zaɓar shaidun da kotu za ta kora. Zai kuma tarar cewa Romawa sun kashe waɗansu jagororin Yahudawa da aka ɗora wa buri, irin su Saminu bar Giyora bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 70, da Bar Kokba a shekara ta 135, amma ba a ji mabiyansu sun ce sun tashi ba. Ko dai a watse, ko a nemi sabon jagora.

A nan dole in juya ga waɗansu 'yan'uwana masu kare addini, waɗanda suke jera waɗannan abubuwa kamar lissafi, su ce duk wanda bai miƙa wuya ba mai taurin kai ne. Su ma sun yi wa gaskiya ƙari. Tarihi yana iya nuna cewa almajirai sun yi imanin sun ga Yesu, kuma imanin nan ya sauya su. Ba ya iya shiga kabari ya shaida abin da ya faru a cikinsa. Lüdemann ya ce baƙin ciki da nadama ne suka sa Bitrus mafarkin ido biyu, sauran suka kamu. David Hume tun a 1748 ya yi jayayya cewa ya fi sauƙi shaidu su yi kuskure a kan ka'idar halitta ta karye. Ni ban gamsu da bayaninsu ba, domin mafarkin mai makoki bai bayyana Bulus ba, wanda farautar Kirista yake yi, bai kuma bayyana dalilin da Yahudawa masu jiran tashin kowa da kowa a ranar ƙarshe za su ce mutum guda ya tashi a tsakiyar zamani ba. Amma masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne. Bisharun ma sun saɓa a ƙananan abubuwa, kamar yawan matan da yawan mala'ikun da aka gani. Wanda aka ɓoye masa wannan yana yaro, ranar da ya gano shi a jami'a sai ya zaci duk abin da aka koya masa yaudara ce.

Saboda haka hujja tana kai mutum bakin ƙofa ne, ta nuna masa cewa shiga ba hauka ba ne. Takun ƙarshe amincewa ce, irin wadda mutum yake yi sa'ad da ya ɗaura aure ko ya kwanta a gaban likitan fiɗa, bayan ya yi iyakar bincikensa. C. S. Lewis, malamin adabi a Oxford, ya shafe shekaru yana musun Allah, ya fara yarda da samuwarsa, sa'an nan a 1931 ya karɓi Almasihu bayan doguwar hira da abokansa, cikinsu har da Tolkien. Babu wanda ya hana shi tambaya a duk tsawon tafiyar, kuma da an hana shi da bai iso ba.

Wannan ya dawo da mu ga abin da na fi so a labarin Toma, wanda ba kasafai ake wa'azi a kansa ba. Kwana takwas ya yi yana cewa bai yarda ba, kuma da kwanakin suka cika yana cikin ɗaki tare da sauran. Ba su kore shi ba, shi ma bai yi fushi ya tafi ba. Da Yesu ya zo, sai ya miƙa masa ainihin abin da ya roƙa. Nassin bai ma ce Toma ya kai hannu ya taɓa ba. Abin da ya ce shi ne Toma ya kira Yesu Ubangijinsa kuma Allahnsa, shaidar da babu almajirin da ya yi irinta a duk littafin. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a shekara ta 604, ya koyar da cewa rashin gaskatawar Toma ya fi amfanar masu bi a kan saurin gaskatawar sauran. Kiristocin Kerala a kudancin Indiya har yau suna kiran kansu da sunansa, bisa al'adarsu da ta ce shi ya kai musu bishara a shekara ta 52, aka kuma kashe shi kusa da inda birnin Chennai yake a yanzu.

Za a ce mini ai Yesu ya sa wa waɗanda suka gaskata ba tare da sun gani ba albarka. Haka ne. Sai dai rashin gani daban, rashin tambaya daban. Waɗanda ake nufi su ne mu, da muka zo bayan shekaru dubu biyu, ba mu da abin dogaro sai shaidar waɗanda suka gani. Shaida kuwa auna ta ake yi, kowane alƙali ya san haka. Marubucin Bisharar nan da kansa, a ayoyin da ke biye, ya ce ya rubuta waɗannan al'amura ne domin mai karatu ya sami abin da zai gaskata a kai. Da yana son imani ido rufe, da bai wahalar da kansa da rubutu ba.

Na san da yawa daga masu karanta wannan Musulmi ne, kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya kore cewa an kashe Annabi Isa ko an gicciye shi. Wannan saɓani ne na gaske, ba zan shafa masa mai ba. Amma neman natsuwa a kan rayar da matattu ba baƙon abu ba ne a gare su, tun da Suratul Baƙara ta kawo roƙon Annabi Ibrahim na a nuna masa yadda ake rayar da su, malaman tafsiri kuma suka ce ƙarin yaƙini ya nema, aka kuwa amsa masa. Imam Gazali ma ya rubuta labarin watannin da ya yi cikin shakka kafin ya sami mafita.

Hana tambaya yana da tsada, kuma talakawa ne suke biya. Jama'ar da aka horar a kan cewa tambaya zunubi ce ita ce take faɗawa hannun mai sayar da ruwa da man mu'ujiza, wanda zai ce wa mai ciwon suga ya zubar da maganinsa, in ya mutu a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. 'Yan damfarar nan sun fi kowa son wa'azin zagin Toma. Masu ilimi kuma sukan fice a hankali ba tare da gardama ba, su riƙa zuwa bikin aure da jana'iza kawai. A bakin kabari ne ake gane bambancin. Wanda ya haddace tashin matattu don tsoron malami, ranar da aka sa mahaifiyarsa a rami ba ya samun abin riƙewa. Wanda ya yi kokawa da maganar shekara da shekaru har ta zauna masa, yana kuka kamar kowa, amma ya san dalilin da ya sa yake sa zuciya.

Roƙona ga fastoci da malaman ajin Lahadi da iyaye ƙarami ne. In yaro ya ɗaga hannu ya tambaya yaya aka san Yesu ya tashi, a ba shi kujera, a buɗe masa sura ta 15 ta Korantiyawa ta fari, a gaya masa abin da aka sani da inda sanin ya tsaya. In bai gamsu a ranar ba, a ce masa ya dawo Lahadi mai zuwa, kamar yadda almajirai goma suka bar wa Toma wurinsa a ɗaki har kwana takwas.