A Cikin Ruwa Yatsu Suka Fara

Wani marubuci ya ce fari ne ya ƙafar da tafkuna, kifaye suka ja ciki zuwa tudu, daga nan suka yi ƙafafu. Tsohon hasashe ne, kuma ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu ba su goyi bayansa ba.

Ina marubucin zai kai halittar da ake kira Acanthostega, wadda Jenny Clack ta haƙo a Girinlan a 1987? Shekarunta wajen miliyan 365. Yatsu takwas gare ta a hannu, amma a ruwa take numfashi kamar kifi, kuma gaɓoɓinta ba za su ɗauki nauyinta a tudu ba. Me mai gudun fari zai yi da ƙafar da ba ta tafiya?

Wata halittar mai suna Tiktaalik ma, da aka gano a Kanada a 2004, a gurbin tsohon rafi take kwance.