Daga Samanja zuwa Ali Nuhu: Wa ke renon 'yan wasan Arewa yanzu?

Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Fina-finai ta Najeriya a watan Janairun 2024, wata biyu kacal ke nan da rasuwar Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya kwanta dama a Kaduna cikin Nuwamban 2023. An yi ta'aziyya, an yi murnar naɗi, amma ba a cika haɗa al'amuran biyu ba, alhali tushensu ɗaya.

Samanja ɗan gidan sarautar Pategi ne, tsohon soja, kuma ma'aikacin Rediyon Tarayya na Kaduna. Shi ya ƙirƙiro shirinsa, shi ke tsara shi, shi ne kuma tauraronsa, tun daga rediyo har zuwa talabijin. Ƙarfinsa yana cikin harshensa: Hausar bariki mai gauraye da Turancin sojoji, wadda mutumin Kafanchan, Kagoro ko Zonkwa ke jin ta kamar ta gida, domin Kudancin Kaduna ya daɗe yana tura 'ya'yansa aikin soja, kuma Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham a kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Shirin bai yi wa kowa wa'azin haɗin kai ba; dariya ce ta yi aikin.

Haka Kasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu a 2017, ya haskaka a Magana Jari Ce da kuma Cock Crow at Dawn, shirin NTA na farkon shekarun 1980 da aka ɗauka a yankin Jos. A nan ne Sadiq Daba ya zama Bitrus, suna da ke kusan kowane gida a Kudancin Kaduna. Daba ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta AMAA a 2015 da fim ɗin October 1, amma da jinya ta kama shi sai da aka yi masa karo-karo kafin rasuwarsa a Maris 2021. Wannan abin kunya ne ga gidan da ya yi wa hidima.

Duk waɗannan mutane kafofin gwamnati ne suka raine su, da albashi da ɗakin ɗaukar shiri da lokacin koyo. Ali Nuhu kuwa kasuwar Kano ce ta haife shi. Da kamfaninsa na FKD ya koyi ba da umarni. Yanzu shi ke riƙe da hukumar da ke Jos, wadda ke kula da Cibiyar Koyar da Aikin Fim da kuma rumbun adana fina-finai na ƙasa.

Abu biyu na jiran sa hannu a Abuja. Na farko, a tattaro kasakasan NTA Kaduna da Jos a mayar da su na zamani kafin zafi da ƙura su cinye su. Na biyu, hanyar shiga sana'ar. Tsakanin Kafanchan da Jos tafiyar 'yan sa'o'i ce, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga sabuwar jami'ar tarayya a Kachia, ga matasan da ke wasan kwaikwayo da Hausa a majami'u da makarantu. Yarjejeniyar horarwa tsakanin hukumar da waɗannan makarantu ba ta buƙatar sabuwar doka. Layi ɗaya take nema a kasafin ma'aikatar da Hannatu Musawa ke jagoranta.